"Da ina da gida, da na aure ki": alkawari ne ko sallama?

Gwaggo, ina gaishe ki, da fatan kin wuni lafiya. Ni ɗaliba ce a shekara ta uku a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ina zaune gidan iyayena a Unguwar Zariya, nan Maraɗi. Akwai wanda muke tare shekara huɗu. Ɗan garin nan ne, amma shekara uku ke nan yana Abuja yana gyaran waya. Tun da ya tafi, rabin saƙonninsa da Ingilishi yake rubuto su. Cikin azumin da ya wuce ya turo mini wannan a WhatsApp: "If I had my own house, I would marry you this year." Na yi murna, na gaya wa Mama cewa ya ce bana zai aure ni da zarar ya samu gida. Ita kuma ta kai wa Baba. Da ma Baba ya matsa, don akwai ɗan amininsa da ke nemana, har ya ce in wancan bai turo manyansa ba kafin Babbar Salla, to zai ba wannan dama. Sai wata ƙawata da ke karatun Ingilishi ta ga saƙon, ta ce wannan ai ba alkawari ba ne, sallama ce cikin ladabi. Kwana uku ke nan barci ya ƙaurace mini, kuma ina jin nauyin tambayarsa. Tsakanina da ita wa ke da gaskiya? Ki kuma taimaka ki warware mini ƙa'idar nan ta "if" a Ingilishi, don tun kwaleji take kayar da ni a jarrabawa.

Ƴarki, daga Unguwar Zariya

Ƴata, na ga saƙonki, Allah ya yi miki albarka. Ke kin riga malam masallaci, ƙawarki kuma ta ƙara gishiri. Jimlar nan ba ta ɗauki alkawari ba, kuma ba ta rufe ƙofa ba. In aka zuba ta cikin Hausa yadda take, ga abin da ta ce: "Da ina da gidan kaina, da na aure ki bana." Ki sake karantawa a hankali, kamar a zauren gidanku ya faɗa miki da bakinsa. Da haka kika ji ta tun farko, na tabbata ba za ki ruga wurin mahaifiyarki da albishir ba, sai dai ki yi shiru ki ce, "To, Allah ya hore."

Kin ga ashe kin san ƙa'idar. Tun kina goye kike jin ta.

Ki saurari mahaifiyarki da safe. In ta ce, "In Babanku ya kawo cefane, zan yi muku shinkafa da miya," kowa a gidan ya san akwai sa rai, ƙannenki har leƙen ƙofa suke yi. Amma ranar da ta ce, "Da Babanku ya kawo cefane, da na yi muku shinkafa," babu mai leƙen ƙofa, kowa ya san fura za a dama. Kalma ɗaya ce ta canza. "In" ko "idan" na abin da ake jira ne, ana ganin zai iya faruwa. "Da" mai jan wasali, wadda ake maimaitawa a farkon kowane ɓangare, ta abin da babu shi ce, ana dai kwatanta yadda zai kasance da akwai shi. Duk darasin da ya kayar da ke a kwaleji bai wuce wannan ba.

Na yi shekaru ina koyar da Ingilishi a kwaleji da lise kafin in ajiye alli, kuma ina cikin masu laifi. Ina cewa Ingilishi ne don a nan Nijar in ka ce Turanci, wani Faransanci zai ɗauka. Yadda aka koya mana haka muka koyar: a rubuta jimlolin "if" iri na ɗaya, iri na biyu, iri na uku a kan allo, yara su kwafe cikin kaye, su haddace kamar lissafi, a fassara musu da Faransancin da shi ma bai zauna musu ba. Yaro yana ɗauke da "in" da "da" a bakinsa, ya shigo aji da su ya fita da su, ba wanda ya ce masa ai su ne. Sai a ƙarshen aikina na fara buɗe darasin da zancen cefane, na ga idanun yara sun waye cikin minti goma. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ina fata masu riƙe da alli yanzu za su daina jin kunyar bi ta Hausa su isa Ingilishi.

Abin da ya ruɗe ki shi ne Ingilishi ba shi da kalma biyu kamar mu. "If" ɗin nan guda ita ke ɗaukar "in", ita ke ɗaukar "da". To ta yaya mai sauraro zai bambance? Ta hanyar aikatau. In ana sa rai, aikatau na zama a lokacin yanzu, ɗaya ɓangaren ya ɗauki "will": "If I have a house, I will marry you." In na samu gida zan aure ki. Wannan ce jimlar da kika kai wa mahaifiyarki, amma ba ita aka aiko miki ba. In kuwa abin babu shi, ko yana da nisa, sai a ja aikatau baya taki ɗaya: "have" ya koma "had", "will" ya koma "would". Shi ne ya ba da "If I had a house, I would marry you."

Nan ne wurin da ya kamata ki tsaya ki dube shi da kyau, don nan yawancin ɗalibai ke zamewa. Wannan "had" siffarsa ce kawai ta shuɗaɗɗen lokaci, amma ba zancen jiya yake yi ba. Zancen yau yake yi. Shaidarki na cikin saƙon kansa: ya ce "this year", bana. Bana kuwa ba ta wuce ba tukuna. Masu harshen sun ari siffar abin da ya yi nisa a lokaci suka nuna abin da ya yi nisa da gaskiya. Jiya ta yi nisa da yau, mafarki ma ya yi nisa da farke, sai suka sa musu riga ɗaya. Duk lokacin da kika ga shuɗaɗɗen aikatau bayan "if", ga kuma "would" a ɗaya gefen, ki ce a ranki: mai maganar nan yana gaya mini cewa a yau abin ba ya hannunsa.

Kuma ke da kika yi lakkwal kin sha yin wannan da Faransanci ba tare da kin lura ba. "Si j'ai une maison, je t'épouserai" daban, "Si j'avais une maison, je t'épouserais" daban. Komawar "j'ai" zuwa "j'avais", da harafin "s" guda a ƙarshe, wanda kunne da ƙyar yake kamawa, su ke raba mai shirin biki da mai zancen zuci. Ginin ɗaya ne da na Ingilishi, bulo a kan bulo. In kin taɓa zama gaban malamin zaure kuma, Larabci ya fi kusa da mu: yana da "in" na abin da ake jira, yana da "lau" na abin da bai kasance ba saboda sharaɗinsa bai kasance ba. Harsuna huɗu ke nan a bakin ɗan Maraɗi ɗaya, kowanne da dabararsa ta faɗin abu guda.

Sai dai ki sani, ba duniya ce ke zaɓa wa mutum wace siga zai ɗauka ba. Zuciyarsa ce. Bari in ba ki abin da kowa a garin nan ya gani da idonsa. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. A Disamban 2020 aka buɗe Illela da Maigatari, amma ta Jibiya, wadda ita ce ƙofarmu ta Ɗan Isa, sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta a hukumance. Ki ɗauki ƴan kasuwa biyu a rumfa ɗaya cikin Babbar Kasuwa a tsakanin nan, suna shan shayi ɗaya, suna sauraron rediyo ɗaya. Na farko ya ce, "If they open Jibiya, I will go to Katsina." Na biyu ya ce, "If they opened Jibiya, I would go to Katsina." Iyaka ɗaya, rana ɗaya. Na farko ya riga ya fara lissafin kuɗin mota. Na biyu ya gaji da jin za a buɗe za a buɗe, ya mayar da abin tatsuniya. Dukansu nahawunsu daidai ne. Abin da sigar ta tona shi ne yadda kowannensu ke hangen lamarin.

Saboda haka abin da jimlar saurayinki ta tabbatar abu biyu ne. Yau ba shi da gida. Kuma, in har ya san abin da ya rubuta, ba ya ganin gidan kusa. Nan ƙawarki ta yi gaskiya.

Inda ta zarce shi ne da ta ce sallama ce. Wannan siga ta abin da ake ganin da wuya ce, ba ta abin da ya gagara har abada ba. Mu ma muna da ita. In na ce miki, "Da za ki zo gobe, da na ji daɗi," ban kore ki ba, ban kuma ce ba za ki zo ba. Na dai sassauta murya ne don kada in ɗora miki nauyi. Haka Bature ke cewa, "If you came tomorrow, I would be happy," ko "It would be nice if you called my father." Sau da yawa mai jin nauyi ne ke fakewa a nan, mai son abu amma yana tsoron a ce a'a, ko yana tsoron ya ce zai yi ya kasa. Kuma ki lura da abin da ya zaɓa ya sa a ɓangare na biyu. "Would" ya ce, wato da sharaɗin ya cika, babu shakka zai yi. Da ya so ya bar wa kansa hanyar gudu, akwai "could", da na iya, akwai "might", da wataƙila. Bai ɗauki ko ɗaya ba. Wannan ba sadaki ba ne, amma ba banza ba ne.

Sigar da ke rufe ƙofa daban take, kuma gara ki san fuskarta don ki gane ta in ta zo. Ita ce wadda ake jan aikatau baya taki biyu: "had" tare da siga ta uku ta aikatau, wato layi na uku a jerin nan da aka sa ku haddacewa, "go, went, gone", sannan "would have" a ɗaya ɓangaren. "If I had found a house, I would have married you." Da na samu gida a lokacin, da na aure ki. Wannan zancen an gama ne, an naɗe tabarma. Mai faɗin haka ba ya cikin lamarin, yana waige ne daga nesa. Ita ce sigar da-na-sani, wadda Hausawa suka ce ƙeya ce. Ingilishi har yana da gajeriyar hanyar faɗinta ba tare da "if" ba: "Had I known." Kalma uku, daidai da namu kalma uku, da na sani.

A nan Hausa da Ingilishi suka raba hanya, kuma shi ya sa ko ɗalibin da ya gane zancen "in" da "da" yake sake tuntuɓe. Mu "da … da" ɗinmu ba ta damu ƙwarai da rarrabe yau da jiya ba. "Da ina da kuɗi, da na saya" tana iya zama yanzu a gaban mai kaya, tana iya zama labarin bara, sai mahallin magana ya nuna. Ingilishi ba ya yarda da wannan sassauci. Dole ki zaɓa: "If I had money, I would buy it" na yau, "If I had had money, I would have bought it" na bara. Wannan "had had" ɗin ba kuskuren bugu ba ne, haka yake, na farko mai taimako, na biyu mai ma'anar mallaka. Ana kuma iya haɗa rabin wannan da rabin wancan in sanadin a baya yake amma sakamakon na nan har yau. Kakanninmu sun ba da labarin ambaliyar Gulbi ta 1945, wadda ta ci tsohon gari har aka hau da mutane kan tudu. Ɗaliba za ta iya cewa, "If the river had not flooded in 1945, the town would still be in the valley." Da ruwa bai ci gari ba a wancan lokaci, da har yanzu muna can cikin fadama. Farkon jimlar na 1945 ne, ƙarshenta na safiyar yau.

Abu uku ƙanana saboda jarrabawarki, sannan mu koma kan abin da ya hana ki barci. Kada ki sa "would" nan da nan bayan "if" a irin wannan jimla. "If I would have money" kuskure ne da na ja wa jan biro har hannuna ya gaji. Mushenku na firamare ya taɓa rera muku "les si n'aiment pas les rais", wato ba a sa aikatau mai ƙarewa da "rais" bayan "si", to dokar nan ce ta tsallako Ingilishi. Na biyu, za ki ga "If I were rich" ko "If he were here", ki ce ai "was" ya kamata. Wannan "were" ragowar tsohuwar siga ce ta zato da harshen ya adana. A hira ta yau da kullum masu harshen da yawa "was" suke cewa, ba kuma mai zarginsu, amma a takardar jarrabawa ki rubuta "were", musamman a "If I were you", da ni ce ke. Ki kuma yi hattara da gajartawar nan ta "I'd", don tana iya zama "I had", tana iya zama "I would". Abin da ya biyo ta shi zai gaya miki: in siga ta uku ce "had" ne, in aikatau tsura ne "would" ne.

To, duk wannan bayani na jimla ne. Jimla kuwa ba ita za ki aura ba.

Ki tambayi kanki: a ina yaron nan ya koyi Ingilishinsa? Kin ce ɗan Maraɗi ne, shekara uku a Abuja yana gyaran waya. Ingilishin da ake koya a bakin shago, tsakanin mai saye da mai sayarwa, ba ya bin littafi sawu da ƙafa. A Najeriya abu ne sananne mutane su sa "would" inda littafi ke son "will", har a wasiƙun ofis da sanarwar biki, don suna jin ta fi taushi da ladabi. Mai yiwuwa ne ƙwarai yaron nan "in na samu gida zan aure ki" yake nufi, ya ɗauko "had" da "would" don sun fi yi masa kama da Ingilishin manya. Mai yiwuwa kuma a wani wuri ya ga jimlar, ta burge shi, ya kwafo. Haka kuma mai yiwuwa ne ya san sarai abin da ya rubuta. Ke da ƙawarki kun zauna kuna yi wa saƙon tafsiri kamar wanda ya rubuta shi farfesa ne, alhali ba ku san ko shi kansa zai iya bambance sigogin nan ba.

Na taɓa ganin irin haka a cikin dangi, ta fuskar kasuwa. Wani ƙanen maigidana ya rubuta wa mai ba shi kaya a ƙasar waje cewa in ya samu kuɗi zai ɗauki kaza, da "if I have" da "I will". A ransa buri ne kawai yake faɗa, irin na "da Allah zai hore". Can kuwa aka ɗauka oda ce, aka ware masa kaya, aka yi ta kira. Sai da aka kawo mini wayar na rubuta musu ban haƙuri. Shi ya faɗi "in" yana nufin "da". Naki kuma wataƙila ya faɗi "da" yana nufin "in". Harshen aro haka yake, kamar takalmin aro, yana iya kai ka inda ba ka nufa ba.

Wani abin ya fi tsaya mini a rai fiye da nahawun. Ku biyu Hausa kuka sha a nono. Me ya sa magana mafi nauyi da ke tsakaninku, maganar aure, ita ce aka naɗe cikin harshen da ke kike faɗuwa jarrabawarsa, shi kuma ya tsinta a kasuwa? Samari na yin haka don burgewa, na sani, wanda ya je birni yana son a ji birni a bakinsa. Amma akwai masu yi don Ingilishi na ba su inuwar da Hausa ba ta bayarwa. Da Hausa, in ka ce wa ƴar mutane "zan aure ki bana", ka ɗaure kanka, gobe kawunta zai tare ka a masallaci. Da Ingilishi kuwa kana iya shafa mata romon baka, in an tuhume ka ka ce ai ba haka na ce ba, a duba saƙon. Ban ce naki haka yake ba. Na ce ba za ki sani ba sai kin fito da shi daga inuwar.

Sannan shi kansa sharaɗin a duba shi. Gidan kansa. Ƴata, ki leƙa Mokoyo, ki leƙa Bagalam, ki leƙa unguwarku, ki ƙirga mini ango nawa ne suka tare a gidan da suka gina da kuɗinsu. Mafi yawa ɗaki aka ware musu a gidan gado, ko suka kama haya ciki da falo, gini ya zo daga baya, wani sai da ƴaƴa suka girma. Addini wurin zama ya ɗora wa miji gwargwadon ƙarfinsa, bai ce sai da takardar fili ba. In Babanki ne ya gindaya masa sharaɗin gida, to wannan magana ce ta manya, ana iya zama a sassauta. In kuwa shi ya ɗora wa kansa, sai a san dalili. Wani tsoron raini ne, ba ya son a ce ƴar jami'a ta tare a ɗakin haya. Wannan ana iya kwantar masa da hankali da kalma ɗaya daga bakinki. Wani kuma ya zaɓi sharaɗin da ya san ba zai cika kusa ba ne, don ya riƙe ki ba tare da ya ɗauke ki ba. Mai gyaran waya a Abuja, da tsadar garin da faɗuwar naira in an juya ta zuwa sefa, in aka ce sai ya gina gida, jiran gawon shanu ne.

Ga abin da nake so ki yi, kuma cikin makon nan, tunda Babbar Salla ba jiranki za ta yi ba. Ki kira shi, kada ki rubuta. Rubutu na ba mutum lokacin gyara fuska. Ki gaishe shi yadda kika saba, sannan ki ce masa da Hausa, "Saƙon nan da ka turo mini cikin azumi, ina so ka maimaita mini shi da Hausa, don kada in yi maka mummunar fahimta." Daga nan ki yi shiru, ki kasa kunne ga kalmar farko. In ya fara da "in" ko "idan", sai ki bi shi da tambayar da ke bin "in" a ko'ina: yaushe? Ki gaya masa gaskiyar halin da ake ciki a gida, cewa Baba ya sa wa'adi, kuma ba gida ake nema a wurinsa yanzu ba, manyansa ake son gani. Turo kawu ko baffa su zo gaisuwa ba ya bukatar bulo ko ɗaya, kuɗin goro ne da na mota, kuma iyayensa a garin nan suke. In ya fara da "da", ki tambaye shi kai tsaye ko zai yarda ku fara da haya. Amsar da zai ba ki a nan ta fi duk abin da ni da ƙawarki za mu iya tono miki daga jimlarsa. In kuwa ya yi dariya ya koma Ingilishi, ko ya ce layi ba kyau, wannan ma amsa ce, kuma ba ta bukatar mai fassara.

Nauyin da kike ji na tambayarsa na gane shi, tarbiyya ce. Amma wanda kuka yi shekara huɗu tare, har sunansa ya shiga kunnen mahaifinki, ya wuce a ji kunyar tambayarsa inda aka dosa. Kunyar da za ki ji in Salla ta zo Baba ya tambayi ina baƙin, ta fi wannan nesa ba kusa ba.

Mahaifiyarki kuma kada ki bari ta kwana da labarin da ba daidai ba. Tun kafin ki kira shi, ki same ta ita kaɗai ki ce, "Mama, maganar nan da na kawo miki, na sake dubawa, ashe ban fahimce ta daidai ba. Ba cewa ya yi zai turo ba, cewa ya yi da yana da gida. Zan tambaye shi in ji takamaimai." Ba ƙarya kika yi mata ba tun farko, kuskuren fassara ne, kuma ita ta san yadda za ta gyara zancen a wurin Baba ba tare da ya ga kamar an yi masa wasa da hankali ba. Abin da zai ɓata lamarin shi ne ya ji daga baya, daga wani bakin.

Ɗan aminin Babanki ban ce ki karɓe shi don huce haushi ba, ban kuma ce ki wulaƙanta shi don kina jiran Abuja ba. Ba ki gaya mini komai game da halinsa ba, ba ki ma ce ko kina ƙinsa ba, wa'adin kawai kika ambata. In wancan ya zame, ki roƙi Baba ta bakin Mama ya ba ki lokaci ki san wannan tukuna, ki kuma yi istihara. In kuma wancan ya turo manyansa, sai a sallami wannan da mutunci, don amincin iyayenku ya girme ku duka.

In kun yi wayar, ki rubuto mini abin da ya ce, kalma da kalma, da Hausar da ya faɗa.

Gwaggonki